Da gaske ne 'yan tseren keke sun koma sauya ƙwayoyin gado?

Wani ɗan'uwa mai bibiyar tseren keke ya turo wannan tambaya: "Malam, tun da asirin Lance Armstrong ya tonu na daina yarda da duk wanda ya ci gasar Tour de France. Yanzu kuma na ji ana cewa zamanin allura ya wuce, ƙwayoyin gadon ɗan wasa ake sauyawa yadda babu gwajin da zai kama shi. Da gaske ne? In kuwa kamun ya gagara, me zai hana a sakar wa kowa mara ya sha abin da ya ga dama, a huta?"

Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka haɗa, kuma amsata a kan kowacce ita ce a'a. Har yanzu ba a kama ɗan wasa ko ɗaya da laifin sauya ƙwayoyin gado ba, kuma dalilin bai tsaya ga raunin gwaji kaɗai ba. Sakar wa kowa mara kuma ba zai daidaita fage ba. Amma kafin in kai ka can sai mun yi maganar jini, domin mu da muke aikin gwajin jini mun san kusan duk rigimar tseren keke ta shekaru talatin da suka wuce a kan jini take.

Gasar Tour de France zango 21 ce cikin mako uku, tafiyar da ke haura kilomita 3,000, da hawan duwatsun Alps da Pyrenees a ciki. Mai hawan dutse na minti arba'in ba ƙarfin damtse ke hana shi wuce sa'a ba. Abin da ke taka masa birki shi ne yawan iskar oksijin da jininsa zai iya kai wa tsokar ƙafafunsa cikin minti ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakon wannan iska. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti ya ji an ce a je a yi PCV. To wannan gwajin yana auna kason da jajayen ƙwayoyin suka ɗauka ne a cikin jini. Na lafiyayyen namiji yakan faɗa tsakanin 40 da 50. Idan jiki ya ji iska ta yi masa kaɗan, ƙoda na fitar da wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Shi ya sa 'yan tsere ke tarewa a kan tsaunuka na makonni kafin babbar gasa, shi ya sa kuma wanda ya tashi a gari irin Asmara, mai tsayin sama da mita 2,300, yake da wata riba tun daga gida. Biniam Girmay na Eritriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga, wadda ake bai wa mai mafi yawan maki, a gasar 2024, ɗan can ne.

Kafin zuwan EPO na kwalba, abin da 'yan keke ke sha masu gusar da gajiya ne da kashe zafin ciwo. Tom Simpson, ɗan Birtaniya wanda ya zama zakaran duniya a 1965, ya faɗi dab da ƙololuwar dutsen Ventoux ranar 13 ga Yuli, 1967, cikin tsananin zafin rana, ya rasu yana da shekara 29. An samu amfetamin da barasa a jikinsa. Irin waɗannan ƙwayoyi ba sa mayar da jaki doki. Suna toshe wa mutum kunne ne daga jin kukan jikinsa.

EPO ne ya sauya lissafin baki ɗaya. A 1989 Amurka ta amince da EPO da aka haɗa a masana'anta domin masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini, kuma har gobe magani ne mai ceton rai ga masu wankin ƙoda. Cikin 'yan shekaru ya shiga jakar 'yan keke, sannan aka shafe kusan shekara goma babu gwajin da ke gane shi. Haɗarinsa a fili yake: jini in ya yi kauri sai ya koma kamar kunu, zuciyar ɗan tsere kuma da dare bugunta na sauka ƙasa sosai, sai gudan jini ya samu damar toshe hanya. Da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta rasa yadda za ta yi, sai a 1997 ta kafa doka cewa duk wanda PCV ɗinsa ya haura 50 zai huta na mako biyu. Da wannan dokar aka kori Marco Pantani daga gasar Giro ta Italiya a 1999, yana kan gaba, saura kwana biyu a kammala.

Ka riƙe lambar nan ta 50, za mu dawo kanta.

Ranar 8 ga Yuli, 1998, kwana uku kafin a fara Tour, jami'an kwastan na Faransa suka tare motar Willy Voet, mai yi wa 'yan ƙungiyar Festina hidima, a kan iyakar Beljiyam. Suka tarar da ɗaruruwan kwalaben EPO da sinadarin girma da testosteron. Aka kori ƙungiyar, 'yan sanda suka riƙa kai samame otal-otal, cikin mutum 189 da suka fara gasar 96 ne suka kai Paris. Wannan abin kunya ne ya haifi hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a watan Nuwamban 1999. Gwajin fitsari na EPO, wanda masana a Faransa suka samar, ya fara aiki a gasar Olamfik ta Sydney a 2000.

Me 'yan tsere suka yi? Suka koma tsohuwar dabara: a ɗebi jinin mutum a lokacin hutu, a ajiye a firji, a mayar masa a tsakiyar gasa. Jininka ne, babu baƙon sinadarin da za a gani. A 2006 'yan sandan Sifaniya suka gano jakunkunan jini kusan 200 a hannun likita Eufemiano Fuentes a Madrid, kowace da sunan ɓoye. A dalilin haka aka hana manyan 'yan tsere Jan Ullrich da Ivan Basso shiga Tour na shekarar. A 2011 aka garzaya da ɗan tseren Italiya Riccardo Riccò asibiti ranga-ranga, likitan da ya karɓe shi ya ce ya shaida masa jinin da ya ajiye a firjin gida ya mayar wa kansa.

Armstrong da ka ambata ya ci Tour sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Abin lura shi ne ba gwaji ya kayar da shi ba, bakin mutane ne. Rahoton hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, USADA, na Oktoban 2012 ya dogara da shaidar mutum 26, 11 daga ciki tsofaffin abokan ƙungiyarsa. Aka ƙwace kambunan, shi ma ya amsa da bakinsa a hirarsa da Oprah Winfrey a Janairun 2013. Ba a miƙa wa kowa kambunan ba, domin rahoton ya nuna cikin gurabe 21 na ɗaya zuwa na uku a waɗannan shekarun, 20 na hannun mutanen da aka danganta da shan ƙwayoyi. Don haka rashin yardarka da wancan zamani yana kan hanya.

Sai dai a 2008 UCI ta ɓullo da abin da ake kira fasfon jini, kuma a ganina shi ne makami mafi muhimmanci da aka samu. Maimakon a nemi maganin, sai a riƙa ɗibar jinin ɗan wasa lokaci zuwa lokaci ana ajiye tarihinsa. Wanda ya yi allurar EPO, jariran ƙwayoyin jininsa za su yi yawa. Wanda aka mayar wa jini, ɓargonsa zai ja birki, jariran su ragu alhali manyan sun ƙaru. Kowanne yana barin sawu. Fasfon bai kashe maguɗi ba; badaƙalar likita Mark Schmidt na garin Erfurt a Jamus, wadda ta fashe a 2019 ta kuma kai shi kurkuku, ta nuna ana ci gaba da mayar da jini, wasu kuma na yin allura 'yar mitsitsiya da dare don ta ɓace kafin safiya. Amma ya rage girman satar. Wanda a da yake ɗibar buhu, yanzu mudu yake iya ɗiba.

Yanzu ga batun ƙwayoyin gado. Tunanin ya samo ƙarfi daga wani mutum na gaske, Eero Mäntyranta, ɗan Finland mai tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ya ci lambobin Olamfik bakwai tsakanin 1960 da 1968, uku na zinare. PCV ɗinsa ya haura 60 ba tare da allura ba. A 1993 masu bincike suka gano danginsa na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon EPO, sai ɓargonsu ya zama mai jin kira fiye da na kowa. Daga nan sai labaran ɗakin gwaji suka biyo baya. A 1997 masana a jami'ar Johns Hopkins suka kashe ƙwayar gadon myostatin, mai taka wa tsoka birki, a jikin ɓeraye, ɓerayen suka yi tsoka kusan ninki biyu. Irin wannan sauyin ne ke jikin shanun Beljiyam masu murɗaɗɗen nama. A 1998 Lee Sweeney a jami'ar Pennsylvania ya ƙara wa ɓeraye ƙwayar gadon IGF-1, mai sa tsoka girma, yana neman maganin ciwon shanyewar tsoka, sai ga 'yan wasa da masu horarwa suna nemansa a yi musu. WADA ba ta jira an kama kowa ba, tun 2003 aka sa abin cikin jerin haramtattu, a 2018 kuma aka ƙara da gyaran ƙwayoyin gado irin na fasahar CRISPR. A 2006, lokacin shari'ar wani koci Bajamushe mai suna Thomas Springstein kan bai wa yara 'yan gudu ƙwayoyi, an karanta wasiƙarsa ta imel inda yake maganar Repoxygen, wani maganin gwaji mai ɗauke da ƙwayar gadon EPO da ba a taɓa gwada shi a jikin ɗan'adam ba. Sha'awar dai akwai ta, wannan babu musu.

Yadda ake yin abin shi ne a ɗauki ƙwayar bairos, a kwashe abin da ke sa ta cutarwa, a cusa mata kwafin ƙwayar gadon EPO, a yi allurarta a tsoka. Tsokar sai ta koma masana'antar EPO. A takarda abin ya yi daɗi. Matsalar ita ce wannan masana'anta ba ta da makunnin kashewa. Mai allurar EPO in ya ga jininsa ya yi kauri zai dakata. Wanda aka dasa wa ƙwayar gado ba shi da wannan zaɓin. Da aka gwada a jikin birai, wasu jininsu ya yi kaurin da sai an riƙa zuƙe musu shi don kada su mutu. Wasu kuma, kamar yadda aka ruwaito a 2004, garkuwar jikinsu ta ɗauki sabon EPO a matsayin baƙo, ta yaƙe shi, ta haɗa har da nasu na asali, suka faɗa matsanancin ƙarancin jini. Ita kanta bairos ɗin da ke dakon saƙon ba abin wasa ba ce: a 1999 Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18, ya rasu kwana huɗu bayan an yi masa irin wannan allura a wani gwajin magani a Amurka, a hannun ƙwararru, a cikin asibiti.

In kana son ganin yadda gyaran ƙwayoyin gado yake a zahiri, dubi ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu fama da shi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka gina a kan CRISPR. Sai an zaro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su a ɗakin gwaji, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargonsa, sannan a mayar da gyararrun, ya yi makonni a kwance. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Wannan fa ciwo ne da tushensa ke ƙwayar gado guda ɗaya tak da aka sani sarai. Juriya da gudu ba haka suke ba. Tsayin mutum kaɗai, wani babban bincike na 2022 ya gano wurare sama da 12,000 a cikin gadonmu da ke da hannu a cikinsa. Babu wata ƙwaya guda ta zama zakara da za a kunna.

Maganar cewa ba a iya kamawa ma ba daidai ba ce. Ƙwayar gadonmu ta asali tana da wasu gutsattsari a tsakaninta waɗanda akan cire a kwafin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, don haka mahaɗar kwafin ta bambanta, kuma gwajin PCR, irin wanda aka yi ta yi lokacin korona, yana iya nemo ta a jini. EPO da tsoka ta ƙera ma bai yi kama da na ƙoda sak ba. Fasfon jini kuma bai damu da ta ina ƙarin ya shigo ba, sakamakon yake kallo. Ga shi ana ajiye samfuri har shekara 10; da aka sake gwada na Olamfik ɗin Beijing 2008 da Landan 2012 da sababbin na'urori, an kama 'yan wasa fiye da 100. Ɓarawon da ke da tsohuwar hanya mai araha, wadda ya san awonta, wadda kuma ke ɓacewa daga jiki cikin kwanaki, me zai kai shi ga wadda za ta zauna a jikinsa shekara da shekaru? Ina sa ran wata rana za a samu mai gangancin gwadawa, musamman da dabarun da ke aiki na ɗan lokaci suke ƙara sauƙi. Abin da nake jin tsoro shi ne a fara sanin labarinsa daga gadon asibiti.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi taɓa ni. Masu wannan ra'ayi ba su da kaɗan, har wani ɗan kasuwa ɗan Ostireliya, Aron D'Souza, ya ƙaddamar da shirin gasar Enhanced Games, wadda ta yarda 'yan wasa su sha ƙwayoyin ƙara kuzari, a 2023 a kan wannan tunani. Kuma ina yarda cewa iyakar da aka shata ba madaidaiciya ba ce ko'ina. An yarda ka kwana a tantin da ke rage iska don jininka ya ƙaru, an hana ka allurar da ke yin aiki iri ɗaya. An bar Mäntyranta da baiwarsa, an hana wani ya sayi irinta. Duk da haka ban yarda da sakin mara ba.

Koma kan lambar 50. Ɗauki 'yan tsere biyu, ɗaya PCV ɗinsa na halitta 41, ɗayan 47. Dukansu suka yi allura suka tsaya a 49. Na farko ya ƙaru da maki takwas, na biyu da biyu kacal. Wanda Allah ya fi ba baiwa shi ne ya yi asara. Abin da ya faru a shekarun 1990 ke nan: kowa na sha, amma gasar ta koma ta wanda jikinsa ya fi karɓar magani, wanda ya fi kuɗin ɗaukar likita irin Michele Ferrari na Armstrong, da wanda ya fi rashin tsoron mutuwa. In kuma ka ce a cire iyakar gaba ɗaya, to wanda ya tsaya a 55 zai sha kashi a hannun wanda ya kai 60. In ka ce a sa iyaka don kare lafiya, ka dawo gidan jiya, sai an yi gwaji, sai an samu masu tsallakewa.

Sannan kalmar "ya ga dama" ba ta da gurbi a nan. Christophe Bassons yana cikin ƙungiyar Festina, abokansa da kansu suka shaida cewa shi ba ya sha. Da ya fito yana magana a lokacin Tour na 1999, sauran 'yan tseren suka juya masa baya, Armstrong ya same shi a kan hanya ya nuna masa gara ya tafi, ya bar gasar bai kammala ba. Wannan a lokacin da abin yake haram ke nan. Ranar da aka halatta, yaro ɗan shekara 19 da ke neman kwantiraginsa na farko ba zaɓi za a ba shi ba, sharaɗin ɗaukar aiki za a gindaya masa. Kuma abin ba ya tsayawa a kan manya. Jamus ta Gabas ta ɗura wa dubban 'yan wasa maganin ƙara tsoka mai suna Oral-Turinabol, da yawansu 'yan mata ƙanana da aka ce musu bitamin ne, suka girma da ciwon hanta da matsalar haihuwa. Kamila Valieva ta Rasha, mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, shekararta 15 lokacin da batun samun haramtaccen magani a jikinta ya tashi a Olamfik ɗin Beijing a 2022. Chika Amalaha tamu shekararta 16 da aka ƙwace zinarenta na ɗaga nauyi a Glasgow a 2014. Yarinya mai waɗannan shekaru ba ita ke zaɓar abin da ke shiga bakinta ba.

Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. An dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar Olamfik ɗin Tokyo a 2021, aka same ta da sinadarin girma da EPO, hukuncinta ya kai shekara 11, mutumin da ya samo mata kayan a jihar Texas kuma ya amsa laifi a kotun Amurka. Tramol da ya addabi matasanmu ma ya ratsa tseren keke: UCI ta hana shi a 2019, a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Tour 2022, WADA kuma ta haramta shi a lokacin gasa daga 2024. Duk matashin da ke da burin wasa a waje ya sani cewa dokar ba ta karɓar uzurin "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko daga kemis ya fito ko daga garin ƙarin ƙarfi na wurin motsa jiki.

Game da 'yan tseren yau, ba na ɗora wa mutum laifi don kawai ya yi sauri. Kekuna sun sauya, abinci a kan hanya ya sauya, horo ya sauya. Amma ƙungiyoyi na nan suna laluben bakin iyaka, har sai da UCI ta hana yawan shaƙar iskar kabon monoksaid a farkon 2025, wadda ake zargin ana iya amfani da ita don tunzura jiki ya ƙara jini. Ka ci gaba da kallo da idon basira, ka kuma ba sakamakon kowace shekara lokaci.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a wannan muhawara, wato wanda ya zo na biyu. A Sydney a 2000, 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa a gaban kotu cewa yana amfani da EPO da sinadarin girma a wancan lokacin, aka ƙwace zinaren. Sai a watan Yulin 2012 kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar wa Najeriya da shi. Sunday Bada ya rasu a watan Disambar 2011, wata bakwai kafin wannan sanarwa.